Kafin mu ɗaga guduma, mu juya fulawil tukuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Ni dai ba marubuci ba ne, sana'ata gwangwan, shekara goma sha ina sayen tsohon ƙarfe a Legas ina sayarwa a kilo, daga Ijora zuwa Apapa har Owode Onirin ba inda ƙafata ba ta taka ba, don haka in ka ga rubutun ya karkace a yi haƙuri a miƙe shi. Abin da ya sa na ɗauki waya na zauna rubuta wannan wasiƙa wani tsohon injin jirgin ruwa ne da ya kusa mutuwa a hannuna, kuma ina so 'yan uwana masu wannan sana'a tamu su ji labarin, musamman yaran da ke shigowa yanzu.

Bara kafin damina ta sauka wani mutum ya kira ni bakin ruwa ta wajen Ebute Metta ya ce akwai ƙarfe. Na je na tarar da wani kwale-kwalen katako rabinsa ya nutse cikin taɓo, katakon ya ruɓe har kana iya cusa yatsa, a tsakiyarsa ga inji zaune an rufa masa wani yagaggen tamfol da bai hana komai shiga ba. Mai shi ya ce na mahaifinsa ne, da can da shi ake jan gungumen katako zuwa Oko Baba wajen masu yankan katako, tun da tsohon ya rasu ba wanda ya sake taɓa shi. Muka yi ciniki irin namu, wato ba ruwana da ko inji ne ko tukunya ce, nauyi kawai nake kallo. Muka sa sarƙa muka ɗaga shi, mu shida sai da muka yi gumi, aka kai shi fili. Washegari yarana biyu har sun ɗauko guduma da kurfi za su fara fasawa don a raba tagulla daban, alminiyom daban, baƙin ƙarfe daban, ni kuma ina wucewa sai idona ya faɗa kan wani ɗan faranti da aka maƙala a jikinsa, na sa yawu na goge da babban yatsa, sai ga rubutu ya fito: Lister, Dursley, England.

Wallahi Malam Edita sai da gabana ya faɗi. Ni mutumin Yawuri ne, kuma duk wanda ya tashi a arewa a shekarunmu ya san Lista, shi ne injin niƙan unguwa, shi ne janareton asibitin ƙauye, ƙarar nan tasa tuf tuf tuf da ita muke sanin gari ya waye. Kawuna yana da injin niƙa irinsa, ni ne mai zuba masa gas ina yaro. Kamfanin na Ingila ne, tun 1867 aka kafa shi a wancan garin na Dursley, daga baya a 1986 aka haɗe shi da wani kamfanin mai suna Petter suka koma Lister Petter. Wannan da ke gabana mai silinda biyu ne, irin wanda iska ke sanyaya shi ba ruwa ba, an ɗaura masa giya ta jirgin ruwa a baya. Na ce wa yaran ku dakata. Ɗayan, ɗan yayata ne, ya ce Kawu wannan ai gawa ce, ko juyawa ba ya yi. Gaskiya ya faɗa, na kama fulawil ɗin, wato babban faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa tare da inji, da hannu biyu na jijjiga, ko gezau, kamar an yi masa walda.

A nan ne na yi wautar farko. Na samo dogon bututu na zura a sifana na ɗora a kan wani noti na hau da dukkan nauyina wai sai ya juya dole. Bai juya ba, kan notin ne ya murje ya koma kamar ƙwallo, domin ashe notinan injin nan duk ma'aunin inci ne na Turawan Ingila, ni kuma sifanun da ke hannuna na milimita ne irin na motocin Jafan, suna shiga amma da ɗan sako-sako. Kwana biyu na yi ina fama da wannan noti ɗaya kafin ya fita.

Wani mai shayi ne ya ce in nemi Baba. Baba dattijo ne mutumin Ilaje, ya haura saba'in, rabin haƙoransa babu, a bakin ruwa yake da wata 'yar rumfa cike da tarkacen injina, an ce ya yi aiki a jiragen kamun kifi tun yana saurayi. Da Turancin buroka muke magana da shi, shi yana ce min Malam ni ina ce masa Baba. Da ya zo bai taɓa sifana ba sam. Ya zagaya injin sau biyu, ya zaro sandar awon baƙin mai ya shinshina, ya murza man a yatsa, ya leƙa bakin salansa, sannan ya ce min Malam silinda ɗaya ce ta kama, ta baya, kuma ruwan sama ne ya kama ta ba ruwan teku ba. Na ce Baba ta yaya ka sani? Ya ce bakin salansa sama yake kallo ba a toshe shi ba, duk ruwan da aka yi shekara da shekaru ta nan yake bi ya gangara, kuma inji in ya tsaya sau da yawa akwai bawul ɗin da ya rage a buɗe, to ta wannan ƙofar ruwan ya shiga ya kwanta a kan fistin. Da a ce nutsewa ya yi a ruwan gishiri da man nan ya koma kamar kunu kuma da ƙasan injin duk ya tafi. Wannan man baƙi ne kawai, tsufa ya yi.

Ya sa muka cire nozul biyun, wato masu fesa gas cikin silinda, muka haɗa gas da kananzir da ɗan baƙin mai muka ɗura ta ramukan har suka cika, ya ce a bar shi. Na ce har yaushe? Ya ce har sai ya yarda. Kullum da safe in na zo sai in ƙara ruwan haɗin in kama fulawil in ɗan girgiza gaba in girgiza baya, a hankali ba da ƙarfi ba, Baba ya gargaɗe ni cewa in na sake sa bututu zan lanƙwasa kwanrod, sandar da ke riƙe da fistin, ko in fasa ringin fistin a ciki, daga nan kuma sai dai kilo ɗin da gaske. Silindar gaba tana shanye nata ruwan cikin dare, alamar akwai hanya, ta bayan kuwa yadda na bar shi haka nake tarar da shi. Kwana goma sha ɗaya muna haka. Abokan sana'a suna wucewa suna min dariya, wani ya ce Alhaji ya koma jinyar ƙarfe, wani ya ce kuɗinka na kwance suna tsatsa alhali farashin kilo ya hau. Ba ƙarya suka yi ba, a sana'armu kayan da ya kwana bakwai a fili asara ne.

Da bai saki ba sai Baba ya ce a buɗe. A nan na ga hikimar waɗanda suka ƙera injin nan. Kowace silinda da kanta daban, kuma ita kanta silindar ana zare ta daga jikin injin kamar yadda ake cire turmi, ga wata ƙofa a gefe da ake buɗewa a sa hannu a kwance kwanrod daga kiranshaf, wato babban sandan da ke juya fulawil. To haka muka yi, muka ɗago silindar baya da fistin ɗinta a maƙale a ciki, muka ɗora a kan katako biyu. Abin da ke saman fistin ɗin ba kyan gani, tsatsa ja da wani baƙin dafi kamar ƙanzon tuwo. Baba ya kankare, ya sake jiƙawa, ya sa aka sassaƙo guntun icce mai tauri daidai faɗin ramin, ya ɗora, ya ba ɗan yayata guduma ya ce buga, amma kamar kana ƙwanƙwasa ƙofar surukinka. Gudumar da aka ɗauko don fasa injin ita ce dai ta yi wannan aikin. Wajen bugu na ashirin muka ji ƙas, fistin ya motsa kamar faɗin farce. Yaron nan ya yi ihu har masu wankin mota suka leƙo.

Da aka cire kiranshaf bai ci ba, mital ɗin da yake juyawa a kansu ma da sauransu, abin mamaki. Ringin baya ne suka manne a cikin ramukansu, biyu sun karye wajen cirewa. Cikin silindar akwai tabon tsatsa inda ruwan ya kwanta amma bai yi rami mai zurfi ba, aka goge shi da dutsen gugar silinda har ya yi wannan zanen gicciye da ake so don ya riƙe mai. Bawul huɗun Baba da kansa ya zauna ya niƙa su da man guga, yana murza sandar tsakanin tafukansa kamar mai burga miya, ya ɗaga ya juya ya sake murzawa, wuni guda cur, in ya gama ɗaya sai ya kifa kan silindar ya zuba kananzir ya jira ya ga ko zai zubo. In ya ga danshi ko kaɗan sai ya koma.

Neman kaya shi ne ya fi ba ni wahala. Na yi yawo kasuwar kayan mota ta Ladipo, na yi yawo wajen masu kayan janareto da masu injin niƙa, da yake Lista ya yi yawa a ƙasar nan har yanzu ana samun kayansa in ka san lambar injinka, kuma akwai na Indiya masu kama da shi. A wani shago da ba zan kira suna ba aka sayar min da ringi a kwali mai kyau da rantsuwa cewa na asali ne, na kawo, Baba ya zura ɗaya a cikin silinda ya ɗaga wa rana, tazarar bakin ringin har ashana za ta wuce. Ya ce mayar. Na mayar aka ce kaya in ya fita ba ya dawowa. Araha ba ta ado, na sake sayen wasu a wani wurin, wannan karon da silindar na tafi a cikin buhu a kan kafaɗa, a gaban mai shagon aka gwada.

Akwai wani abu da Baba ya yi wanda ko a mafarki ban san ana yi ba. Da za a rufe kan silinda sai ya yanko 'yar wayar dalma ya ɗora a saman fistin, ya ɗaure kan, ya juya injin fistin ya hau ya matse dalmar, ya sake kwancewa ya auna kaurin da ta koma. Wai tazarar da ke tsakanin fistin da kan silinda ke nan, in ta yi yawa injin ba zai matse iska sosai ba kuma ba zai tashi da sauƙi ba, in ta yi kaɗan fistin zai daki bawul, ana daidaita ta ne da wasu siraran faranti da ake ƙarawa ko a rage. Sau uku ya yi haka a silinda ɗaya. Injin gas ba shi da fulogi, ba tartsatsin wuta, zafin matse iska ne kawai ke kunna man, shi ya sa duk wannan wahalar ta bawul da ringi da dalma a kan abu ɗaya take, kada iska ta sami hanyar gudu.

Nozul kuma muka kai wa masu gwaji. Ɗaya yana feshi kamar hazo da ƙara ƙirr, ɗayan yana ɗiga kamar hancin mai mura, aka sauya masa baki. Don Allah duk wanda zai gwada nozul kada ya tara hannu ya ji ko yana fita, ƙarfin feshin yana huda fata man ya shiga jiki, ana rasa yatsa a kan haka. Tankin mai muka zubar da abin da ke ciki, ƙasansa ruwa ne da wata baƙar majina, aka wanke, aka sa sabuwar filta. Sai tsakanin fikafikan silinda inda iska ke bi, can muka tarar zanzaro ya yi gini ya toshe kusan rabi da laka, ga sheƙar ɓera a cikin murfin fanka. Injin da iska ke sanyaya shi in ka bar wannan a toshe zafi zai yi masa yawa ya ƙone.

Ranar tayarwa Asabar ce. Mun ɗaure shi a kan gungume biyu, an zuba sabon baƙin mai, Baba ya bi layin gas yana sassauta noti ɗaya bayan ɗaya har kumfa ta daina fita sai mai zalla, don iska ko kaɗan ce a layin injin ba zai tashi ba. Ya ba ɗan yayata wani guntun falanki ya tsayar da shi kusa da bakin shan iska ya ce in injin ya haukace ya ƙi tsayawa ka toshe nan da katakon, kada ka kuskura ka sa tafin hannunka. Ashe tsohon injin gas yana iya komawa shan baƙin mansa ya yi ta gudu ko ka kashe masa gas, sai an shaƙe shi. Ni aka ba hannun juyawa. Baba ya gyara min riƙo, babban yatsa gefe ɗaya da sauran, wai in ya dawo baya da ƙarfi kada ya tsinke min yatsa. Ya ɗaga 'yan sandunan nan biyu na sama masu sakin iska, na fara juyawa, da nauyi da farko sannan fulawil ya ɗauka, ina jin nozul suna ƙirr ƙirr a ciki, ina juyawa ina salati numfashina na ƙarewa, sai ya saki sanda ɗaya. Tuf. Shiru. Farin hayaƙi. Muka sake. Sau huɗu, a na biyar ya ce tuf, tuf, tuf tuf tuf, Baba ya saki ta biyun, sai ga shi ya kama gaba ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe filin, gungumen na rawa, tsatsa da busasshiyar laka na tashi daga salansa suna zubo mana a ka. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ƙarar injin niƙan kawuna ce sak, a tsakiyar Legas.

Ba a nan wahalar ta ƙare ba. Bayan mako guda muna gwada shi na lura baƙin mai maimakon ya ragu ƙaruwa yake yi a sanda, har na fara murna wai injin ba ya cin mai. Baba ya shinshina ya ce gas ne. Irin wannan Listan famfunan mansa da wasu bututun a cikin jikinsa suke, in ɗaya ya tsage gas ɗin cikin baƙin mai yake zuba ba ka gani, man ya tsinke, mital ya tafi. Wani ɗan siririn bututu ne ya tsage, aka gyara, na sake zubar da man da ko sati biyu bai yi ba.

Yanzu injin yana cikin wani sabon kwale-kwalen katako, mun yi haɗin gwiwa da wani mai jirgi, ana kai siminti da itace da buhunan ruwa ƙauyukan tsallake irin su Sagbokoji. Ba ya gudu, masu injin fetur na Yamaha suna wuce mu kamar muna tsaye har fasinjojinsu na ɗaga mana hannu. Amma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ba a nan ta tsaya ba, kowa ya san abin da masu injin fetur ke sha. Gas ma ba araha ba ne, kada a ce na ce, sai dai shi wannan tsohon kurɓa yake yi ba kwankwaɗa ba. Kuma lokacin da kainuwa ke rufe ruwa bayan damina, masu injin da ke zuƙar ruwa don sanyi kullum suna tsayawa cire ciyawa da leda daga bakin famfo, namu farfela kawai muke dubawa.

To ga inda nake so a ji ni. Mu Hausawa muna da yawa cikin masu gwangwan a garin nan, duk wani tsohon inji da ya mutu a bakin ruwa daga Badagry zuwa Epe ƙarshensa hannunmu yake faɗowa, kuma mu ba mu san komai a kansa ba sai sikeli. Ni kaina in na tuna injina nawa na fasa a shekarun nan, Lista da Perkins da Yanmar, ban taɓa juya fulawil ɗin ko ɗaya ba, sai in ji ba daɗi. Ba duka ne za su tashi ba, wani bulok ɗinsa ya fashe, wani kiranshaf ya karye, wannan kam a kai shi kilo ba laifi. Amma duba man da juya fulawil da karanta farantin lamba minti biyar ne. Kuɗin da aka taya injin nan bayan ya tashi ya ninka abin da zan samu a kilo sau da yawa, ko bayan na cire kuɗin kaya da na Baba da ringin da aka cuce ni.

Sannan ga yaranmu. Tun da Gwamna Sanwo-Olu ya hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni 2022, aka ƙara wasu huɗu a watan Satumba, samari nawa ne ke zaune a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago ba abin yi, wasu sun koma tura baro wasu sun faɗo gwangwan ɗin nan da ya riga ya cika. Garin nan kuwa ruwa ne ya kewaye shi. Su Baba suna ƙarewa, ya faɗa min da bakinsa 'ya'yansa ba wanda ya yarda ya gaji aikin. Ina kira ga sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin ƙungiyoyinmu na kasuwa su nemi irin waɗannan dattawa su kai musu yara koyo, ko biyu biyu ne, a biya kuɗin koyon daga asusun ƙungiya. Ba sai an jira gwamnati ba. Mu da muka fito daga bakin Neja, Yawuri da Warra da Shagunu, ruwa ba baƙonmu ba ne, kuma can gida ma masu gyaran ake nema.

Abu ɗaya dai, kada wani ya karanta wannan ya ɗauka tsohon jirgi ma haka ne. Inji ana tayar da shi, ruɓaɓɓen katako ba a tayar da shi, wancan kwale-kwalen da na ciro injin a ciki itacen girki aka yi da abin da ya ragu. Mu mutanen Kebbi ba mu manta da jirgin da ya tsage a Warra a watan Mayu 2021 ba da rayukan da suka tafi. Rigar ruwa da hukumomin kula da hanyoyin ruwa, LASWA ta jihar Legas da NIWA ta tarayya, ke nanatawa a sa, da hana tafiyar dare, da hana lodin wuce kima, a jirginmu ba a wasa da su ko da siminti kawai aka ɗauko.

Ɗan yayata yanzu kwana uku a mako yana rumfar Baba, ya fara jin Yarbanci, ya sayi sifanun inci nasa na kansa. Makon jiya wani ya kawo mana wani injin mai silinda uku a fili, yaron ya hana kowa taɓa shi, ya cire nozul ya ɗura gas da kananzir, yau kwana shida. Farantin lambar wannan ya goge ba a iya karantawa, in akwai wani cikin masu karatu da ya san tsofaffin Lista masu silinda uku sosai, don Allah ya aiko ta hannun jaridar nan.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai karatunku, ɗan gwangwan daga Ijora, Legas